Babi na Huɗu: Mun Yi Yawa Ne, Ko Wurin Ne Ya Yi Mana Kaɗan?

"Wai mutanen nan duk daga ina suke fitowa?" Duk wanda ya taɓa maƙalewa a wajen Ƙofar Dundaye ta birnin Sakkwato da la'asar sakaliya ya yi wa kansa wannan tambaya, lokacin da 'yan kabu-kabu ke kutsawa ta kowace kafa, masu kayan lambu sun hauro daga fadama da buhunan albasa, ga almajirai, ga awaki, ga mai baro ya tsaya tsakiyar hanya yana ciniki. Dattijon da ya san wurin tun yana yaro zai girgiza kai ya ce, "Garin ga ya cika, babu wurin aza ƙahwa." Daga nan hira kan zarce zuwa cewa ai Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jama'a a Afirka, don haka mu ne muka fi kowa matsuwa. Maganar yawan gaskiya ce. Ta matsuwar kuwa sai an zauna an yi lissafi.

Yadda ake awon

Masu ƙidaya sukan ɗauki jimlar mutanen wuri su raba da faɗin ƙasarsa. Abin da ya fito shi ne yawan mutane a kowane murabba'in kilomita, wato fili mai tsawon kilomita ɗaya da faɗin kilomita ɗaya. Hekta 100 ke nan, ko kimanin filin ƙwallon ƙafa 140 a haɗe.

Faɗin Najeriya murabba'in kilomita 923,768 ne. Ƙidayar 2006 ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai, sai rabon ya tashi a kan mutum 152. Yanzu da ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai mu wajen miliyan 230, ya koma kimanin 250. Da za a baje mu daidai wa daida tun daga Illela har bakin teku, kowane filin ƙwallo ba zai samu cikakkun mutum biyu ba.

Duniya baki ɗaya, wadda ta cika mutum biliyan 8 a watan Nuwamban 2022, rabonta wajen 60 ne. Mun ninka ta sau huɗu ke nan. Amma ko a Afirka akwai waɗanda suka sha gabanmu nesa. Ruwanda girmanta kusan ɗaya da Jihar Sakkwato, amma ƙidayarta ta 2022 ta samu fiye da mutum miliyan 13, wato wajen 500 a kowane murabba'in kilomita.

Zakarun matsi

A saman jerin duniya akwai Makau, wani ɗan yanki a gaɓar kudancin Sin wanda Fotugal ta mayar wa Sin a 1999. Faɗinsa murabba'in kilomita 33 ne kacal, mutanensa sun doshi 700,000, rabon ya haura 20,000. Mai bi masa ita ce Monako, a gaɓar Bahar Rum kusa da Faransa: murabba'in kilomita 2, mutum wajen 38,000. Mai tafiya a ƙasa zai ratsa ƙasar daga wannan iyaka zuwa waccan kafin awa guda ta cika. Sai Singafo mai mutum miliyan 6 da rabon kimanin 8,000, sai Hong Kong mai miliyan 7.5 da rabon kusan 7,000. Zirin Gaza, mai faɗin murabba'in kilomita 365, yana ɗauke da fiye da mutum miliyan 2 tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Oktoban 2023, wajen 6,000 ke nan. Baharain da Malta da Maldibs suna biye daga baya.

Abu biyu mai karatu zai lura da su a wannan jeri. Na farko, kusan dukkansu birane ne da aka ba tuta, ko tsibirai. Ba su da faffaɗan daji ko ƙauyuka masu yawa da za su rage musu nauyin lissafi. Gwada Monako da Najeriya zalunci ne. Da a ce za a yanke tsakiyar Kano ko Legas a ba ta tuta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, nan take za ta shiga sahun farko.

Na biyun ya fi ɗaci. Monako da Gaza suna cikin jeri ɗaya. A Monako attajiran duniya ne ke rububin wurin zama saboda ba a karɓar harajin kuɗin shiga daga yawancin mazauna, kuma wanda ya gaji da matsi zai shiga jirgi ya tafi. A Gaza yawancin mutanen zuriyar waɗanda aka kora daga garuruwansu ne a 1948, kuma fitar ba a hannunsu take ba. Lamba ba ta san wannan bambanci ba.

Idan ana neman ƙasa ta sosai, mai manoma da ƙauyuka da gulabe, to Bangaladash ce zakara. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 148,000, kusan Jihar Neja da Jihar Borno a haɗe, kuma mutum kimanin miliyan 170 ne a ciki. Da Najeriya na da matsi irin nata, da mun haura biliyan ɗaya. Me ya riƙe su? Laka. Ƙasar tana zaune ne a inda manyan koguna biyu, Ganjis da Barahmaputra, ke zuba a teku, kowace shekara ruwa na shimfiɗa mata sabon taki, manomi ya girbe shinkafa sau biyu ko uku. A taƙaice, fadama ce da ta zama ƙasa. Basakkwace ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan abin da fadama ke iya ciyarwa.

A ɗaya ƙarshen jerin kuwa akwai Mongoliya mai mutum 2 a murabba'in kilomita, da Girinlan, tsibirin ƙanƙara mai ninki biyu na faɗin Najeriya, wanda mutanensa duka ba su kai 60,000 ba.

Inda lissafin ke ruɗin mutum

A ɗauka gida ne mai ɗaki goma da mutum goma. A takarda kowa da ɗakinsa. Amma idan takwas daga cikin ɗakunan ba su da rufi, kowa ya san inda za a kwana da damina. Haka rabon ƙasa yake.

Maƙwabciyarmu Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, ta fi Najeriya girma, rabonta kuma wajen mutum 20 ne. Mai kallon takarda sai ya ce ƙasar fayau take. To amma jihar Agadas ita kaɗai ta cinye fiye da rabin ƙasar, kuma a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, wato ko mutum ɗaya bai cika ba a murabba'in kilomita. Jihar Maraɗi kuwa, wadda ba ta kai murabba'in kilomita 42,000 ba, an ƙirga mata miliyan 3.4, wajen 80 ke nan. Manomin Madarunfa a Maraɗi da gonarsa ta gado ta koma 'yar kadada ba zai amfana da yashin hamadar Tenere da ke Agadas ba. Masar ma haka: kimanin kashi 95 cikin ɗari na mutanenta suna maƙale a gaɓar Nilu, a kan ƙasar da ba ta wuce kashi 5 ko 6 cikin ɗari ba.

Mu dawo gida. A 2006 an ƙirga mutum miliyan 3.7 a Jihar Sakkwato, rabon wajen 140. A ƙaramar hukumar Gudu, can kan iyaka, bai wuce 30 ba. Amma Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, waɗanda faɗinsu a haɗe bai kai murabba'in kilomita 100 ba, suna da mutum kusan 430,000, wato fiye da 4,000 a kowane ɗaya. Wannan kuma tun 2006 ne, yaran da aka haifa a shekarar yanzu wasunsu na da nasu 'ya'yan.

Ko wannan 4,000 ɗin ma rufa-rufa ce, domin ta haɗa unguwar ma'aikata mai faffaɗan harabobi da lungunan cikin gari. Wurin da ya fi nuna abin ƙarara shi ne gefen birnin da ke duban gulbi. Ka ba fadama baya, za ka ga gini ya rungumi gini, lungun da babur biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya raɓe. Ka juya, tafiya kaɗan ƙasa ta gangara, sai shinkafa da albasa da rake da tumatir iya ganinka, babu gida ko ɗaya sai 'yar bukkar mai gadin lambu. Tsakanin dubban mutane da kusan babu kowa, tafiyar 'yan mintoci ce.

Abin da ya tara jama'a a nan

Wannan fili da babu kowa a kansa shi ne ya tara mutanen da ke bayansa. Lokacin da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, tudu ya zaɓa a kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato: a sama tsaro da wurin gini wanda ruwa ba ya kaiwa, a ƙasa ruwa da abinci da kiwon dawaki. Shehu Usmanu ya taso daga Sifawa ya zauna a nan a 1815, aka faɗaɗa garin domin jama'arsa, ya rasu a 1817. Ganuwa ta kewaye birnin, kuma har yau ana kiran ƙofofin da sunayensu ko da yawancin ginin ya zube: Kade, Dundaye, Kware, Rini, Marke, Taramniya, Atiku, Aliyu Jeɗo. Ƙofar Dundaye ta ɗauki sunan garin Dundaye da ke ƙetaren gulbi, wajen da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake a yau.

Bature Clapperton, wanda ya riƙa kiran kansa Abdullahi a tafiyarsa, ya zo wurin Sarkin Musulmi Bello a 1824, kuma abin da ya lura da shi ya shafi zancenmu kai tsaye. A Kano ya tarar da ganuwa mai faɗi amma gidaje sun ci ɗan ɓangare ne kawai, sauran gonaki ne da kududdufai. A Sakkwato kuwa ya ga gidaje jere har jikin ganuwa, ya ɗauke ta a matsayin garin da ya fi cika cikin waɗanda ya gani a tsakiyar Afirka. Bayan shekara 29, a 1853, wani Baturen mai suna Barth ya zo ya tarar da garin ya yi sauƙin jama'a, saboda Sarkin Musulmi Aliyu Babba yana zaune a Wurno kuma manya sun bi shi. Ganuwa ɗaya, fadama ɗaya, amma da fada ta matsa sai jama'a ta matsa. Abin da ke cika gari a yau ma bai canza sosai ba: inda gwamnati take, inda kasuwa da asibiti da makaranta suke, da inda mutum zai kwana da ido biyu rufe. Rashin tsaron da ya addabi gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, ya turo iyalai da yawa cikin birni, kuma akasarinsu gidajen dangi suka sauka.

Ƙauyukan da ke kewaye da birnin su ma sun daɗe da cika. A kewayen Sakkwato, kamar kewayen Kano, an jima da daina barin gona ta huta. Kowace shekara ana noma ta, abin da ke riƙe ta kuwa taki ne. Jaki ya shigo gari da itace ko kara, ya koma da shara da kashin awaki a mangala. Masana irin su Michael Mortimore, da suka nazarci kewayen Kano tun shekarun 1960, sun nuna cewa yawan jama'a bai kashe ƙasar ba, hannaye masu yawa ne ma suka riƙa gyara ta. Sai dai leda ta ɓata wannan tsohon ciniki, domin sharar birni ta yanzu rabinta ba ta ruɓewa.

Matsin da ake ji a jiki

Babu wanda ke kwana a murabba'in kilomita. A ɗaki ake kwana, kuma a nan ne ainihin maganar take.

Ka shiga wani tsohon gida a cikin gari ka tambayi yadda yake a zamanin kaka. Za a nuna maka inda turken awaki yake, inda rumbu yake, inda bishiyar darbejiya take ba da inuwa a tsakar gida. Da maigidan ya rasu aka yi rabon gado, aka ja katanga biyu, gida ɗaya ya zama uku. Da babban ɗa zai yi aure aka sare bishiyar aka yi masa ciki da falo. Na biyu ya samu wurin turke. Zaure aka fasa masa ƙofa ta waje ya zama shagon cajin waya, saboda kuɗin hayarsa ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Tsakar gidan da a da ake shanya hatsi, yanzu igiyar shanya ɗaya ce mata huɗu ke yi wa layi. Sabbin ɗakunan bulo ne da kwano, tagar kuma ba ta wuce faɗin faranti ba, domin tana buɗewa ne a jikin bangon maƙwabci. Rijiya na nan inda take tun da, amma masai ya matso ta, tsakaninsu taku kaɗan.

Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar gida a matsayin mai cunkoso idan fiye da mutum uku ke kwana ɗaki ɗaya. Kowa ya ƙirga na gidansu. A ganina wannan awon ya fi na murabba'in kilomita faɗa mana gaskiya, domin shi ne ke da alaƙa da cuta. Sanƙarau yana yaɗuwa ta numfashi, kuma lokacinsa shi ne ƙarshen hunturu zuwa bazara, sa'ad da ƙura ta busar da maƙogwaro, zafin Sakkwato ya haura digiri 40. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 11,000, ta 2017 kuma Zamfara da Sakkwato da Katsina ta fi yi wa ɓarna. Shawarar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa kowace shekara, a rage cunkoso a ɗaki, a buɗe taga, a kwana a waje, tana da kyau. Sai dai ana ba da ita ga mutanen da tsakar gidansu ta riga ta zama ɗaki. Amai da gudawa kuwa hanyarsa ita ce waccan rijiya da ke maƙwabtaka da masai.

Singafo ta ninka birnin Sakkwato matsi a takarda, amma kusan mutum takwas cikin goma na 'yan ƙasar suna zaune a gidajen bene da hukumar gidaje ta gwamnati ta gina tun daga 1960, ruwa na zuwa famfo, ƙazanta na bin bututu ƙarƙashin ƙasa, jirgin ƙasa na kwashe masu zuwa aiki. Mutum 8,000 da aka tanadar wa waɗannan sun fi mutum 4,000 da ba a tanadar wa komai ba samun sarari.

Alhazanmu sun ga wannan da idonsu a Mina, kwarin da ke ɗaukar wajen mutum miliyan biyu a 'yan kwanaki, matsin da ya ninka na Makau sau da yawa. A 2012 mahajjata sun haura miliyan 3 kuma aka gama lafiya. A 2015 ba su kai miliyan 2 cikakku ba, amma ranar 24 ga Satumba ayari biyu suka yi karo a mahaɗar hanya ɗaya, aka yi turmutsutsun da Sakkwato na cikin jihohin da suka fi rasa mutane a ciki. Allah ya jiƙansu da rahama.

Sama ko gefe?

Garin da ya cika hanya biyu gare shi, ya hau sama ko ya bazu. Monako da Singafo da Makau sun ƙara da ta uku, cike teku da yashi. Singafo ta ƙara wa kanta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinta ta wannan hanya.

Sakkwato bazuwa ta zaɓa. Mabera, Arkilla, Bado, Gidan Igwai, Dambuwa, Kwannawa: birnin ya tsallake iyakar ƙananan hukumominsa biyu ya shiga Wamakko da Dange-Shuni da Kware. Duk wanda ya samu hali sai ya sayi fuloti ya fita daga gidan gado. Amma kowane fuloti gonar wani ce a da, daga cikin gonakin nan da aka shekara ɗari ana zuba wa taki, kuma bulo ba ya komawa gero. Sannan kowace sabuwar unguwa tana neman nata titin, nata bututun, nata turken wuta, kuma mai gida ne ke riga su isa da shekaru.

Hawa sama kuma yana da nasa cikas, wanda masu zana birane daga ofis kan raina. Mai bene yana hango tsakar gidan maƙwabcinsa, inda iyali ke zaune babu mayafi, kuma wannan kaɗai ya isa ya kai mutane gaban mai unguwa. Ruwan da bai iso famfon ƙasa ba, wa zai hau da shi hawa na biyar? Ragon layya fa, a ina za a ɗaure shi? Hawa sama babu tsari ma an ga ƙarshensa a Hong Kong, a wata unguwa da ake kira Birnin Kawlun Mai Ganuwa, inda mutum fiye da 30,000 suka cushe a fili da bai kai hekta 3 ba, benaye sun manne har rana ba ta isa ƙasa, sai da aka rushe ta a 1993 zuwa 1994. Ni dai ban ga abin da zai kai mu ga hawa arba'in ba. Hawa biyu ko uku, tagogi na duban titi da tsakar gidan mai shi, magudanar ruwa a lungu, wannan ba baƙon abu ba ne, domin maginan Hausa sun san soron bene tun kafin zuwan siminti.

Gefe ɗaya ne birnin bai kamata ya nufa ba, shi ne gangaren gulbi. A watan Satumban 2010 Rima ya yi ambaliya ya yanke hanyar da ta haɗa birni da jami'a, ya cinye gonaki da ƙauyuka masu yawa. Fadamar da ke shimfiɗe tsakanin birni da Dundaye hanyar ruwa ce, aro yake ba manoma da rani. Duk shekarar da fuloti ya ƙara tsada a tudu, sai wani ya ƙara gangarawa da harsashin gininsa taku goma.

Akwai kuma wata hanya da mutanen ƙasar Sakkwato suka daɗe suna rage wa kansu matsi da ita, wadda ba ta buƙatar bulo ko fuloti. Da an kai amfanin gona gida, sai samari su ɗaure 'yan kayansu su nufi kudu. Wani bincike da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953 ya ƙirga kimanin rubu'in miliyan na masu fita daga Lardin Sakkwato a kaka ɗaya, wasunsu har Kumasi. Ƙauye ɗaya ke nan yana da yawan jama'a iri biyu, na damina da na rani. Babi na gaba zai bi sawun 'yan cin rani: inda suke zuwa, abin da suke komowa da shi, da dalilin da ya sa da yawansu yanzu damina ke faɗuwa ba su dawo ba.